Asabar ɗin da Na Yi Sadaka da Miyar Mako Guda

Bari in hutar da mai karatu tun daga bakin ƙofa: in ana neman wawan wannan labari, ni ne. Gara in faɗa da bakina, don in na bari maƙwabtana suka riga ni, ba za su faɗa da ladabi ba, kuma sai sun ƙara gishiri.

Sana'ata wankin hula, a Limanti. Kakana ne ya taso daga ƙasar Kano da buroshinsa ya zauna a Maiduguri, muka gaji buroshin, muka gaji zaman. Boko kuwa na taɓa ta yadda ake taɓa murfin tukunya mai zafi. Na yi 'yan shekaru a firamare, ni da malamin lissafi muka duba muka ga jininmu bai haɗu ba, muka rabu kowa da mutuncinsa. Duk da haka ina karanta jarida sarai, musamman wadda aka ƙunso mini ƙosai a ciki, kuma a majalisar ƙofar masallacinmu ana jin ra'ayina a kan al'amuran duniya ko ba a tambaya ba.

Mai ɗakina Babarbariya ce, ni kuma asalinmu Fulani. Wanda ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani ya san irin zaman da muke yi. Ita ta ce ta auri bawanta don tausayi, ni na ce na auri baiwata don lada. A haka muka aurar da 'ya'yanmu mata duka, muka tsufa, ba a raba gardamar ba.

Sai ga shekarun nan da garinmu ya shiga halin da kowa ya sani. Aka hana babura, aka kafa shingaye a tituna, aka sa dokar hana fita, wani lokaci tun rana ba ta gama faɗuwa ba kowa ya shige gida. Masu itace suka daina nisa cikin daji, itace ya zama abin lallaɓawa. Biki da suna suka koma na cikin ɗaki, a ɗaura aure da mutum kaɗan a watse kafin shayi ya huce. To hula ba ta datti in ba a fita da ita, kuma mutumin da zai sauka daga keke ya ɗaga hannuwa sama a kowane shinge ba ya damuwa da ko karin hularsa ya tsaya. Sana'ata ta kwanta. Sai in wuni a zaure ina kallon kawunan icen da muke kifa hula a kansu, jere ba ko ɗaya mai hula, kamar taron masu sanƙo.

A daidai lokacin kuma gida ya cika. Surukata, mahaifiyar mai ɗakina, ta gudo daga garinsu na wajen tafki da jikokinta ƙanana, 'ya'yan ɗanta da ya tafi kudu neman abin yi. Tsohuwa ce mai kaifin hanci da kaifin baki, amma gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara hazo, ba ta iya tsayuwa a bakin murhu.

Allah da ikonsa, mai ɗakina ungozoma ce. Ta gada a wurin tsohuwar, ta kuma taɓa samun horo a asibiti. Aka ɗauke ta aiki a wani ƙaramin asibiti da aka buɗe a sansanin 'yan gudun hijira, can bayan gari. Wannan aikin shi ya riƙe gidan, ko da yake a majalisa nakan ce na bar ta ta je ne don taimakon al'umma. Matsalar ɗaya ce. Motar ma'aikata tana tashi daga wajen Wulari da sassafe, da zarar an buɗe hanya, kuma direban ba ya jiran kowa. Wanda ya rasa motar ya rasa aikin ranar, don ba mai keken da zai yarda ya kai ka can. Ita kuwa sai ta tashi ta hura wuta, ta dama kunu, ta dafa na rana ta rufe mana, sannan ta saɓi mayafi ta fita tana rabin gudu. Motar ta tafi ta bar ta ba sau ɗaya ba. Ran nan ta dawo ta ce shugabarsu ta yi mata magana ta ƙarshe: matan da ke son gurbin nan suna da yawa, in ta sake makara, to ta zauna a gida ta huta.

Wata abokiyar aikinta, 'yar kudancin Borno, ita ta ba ta dabara. Ta ce ita ranar Asabar take girkin mako gaba ɗaya, wuta ɗaya, wahala ɗaya, ta zuba a robobi ta sa a sanyi, kullum a ɗauko na ranar a ɗumama. Mu ba mu da firiza, wutar lantarki ma a lokacin baƙuwa ce, in ta leƙo sai yara su yi mata shewa. Amma matar maƙwabcinmu tana sayar da ƙanƙara, tana da firiza da injin da ke ba ta wuta, ta kuma yarda ta ba mai ɗakina gefe guda.

Da aka kawo maganar gabana, na ƙi. Na gyara zama na yi bayani irin na manya. Na ce ɗumamen tuwon jiya da safe, wannan kowa ya san sarkin abinci ne, ba ni da ja. Amma miyar Asabar a ci ta ranar Alhamis, wannan ko gwauro sai ya rufe ƙofa yake yi. Na ce kakana bai ci ba, ubana bai ci ba, kuma magidancin da hayaƙi ba ya tashi a gidansa kullum, mutane za su ɗauka ko dai matarsa ta yi yaji ko rumbunsa ya ƙare. Ta saurare ni har na dasa aya, sannan ta tambaye ni ko an kawo hula wanki yau. Na ce wannan wata magana ce daban. Aka tashi taro.

Ranar Asabar tun da asuba gidana ya koma gidan biki. Ta aro manyan tukwanen nan da matan unguwa ba sa fito da su sai aure, ta jera duwatsun murhu a tsakar gida, ta fito da itacen da ta daɗe tana tarawa. Aka kai markaɗen tattasai da tumatir da attaruhu da albasa bokiti guda, ta zuba a mai ta yi ta soyawa har ruwan ya ƙone, man ya taso ya kwanta a sama jajawur. Ta ce haka ake yi in ana son miya ta daɗe. A tukunya ta biyu yakuwa ce da bandar kifi na Kasuwar Kifi ta Baga Road, irin mai kaurin nan da in ka gutsura sai ka ji hayaƙin bakin tafki. Ga nama an tafasa an soya, ga wake yana dahuwa, ga biski, wato burabusko, tana turarawa kashi-kashi tana shafa masa man shanu tana bazawa a tabarma ya sha iska. Surukata tana zaune a inuwa tana gyaran gyaɗar kunu, hancinta na aiki, in gishiri bai ji ba daga nesa take sani. Robobi masu murfi an wanke su an kife a jikin bango, kowace da ranarta.

Ni kuma an ba ni aikin tsare zaure kada kaji su shiga. Na riƙe aikin da muhimmanci.

Abin da ni da ita duk ba mu lissafa ba shi ne ƙamshi ba ya bin dokar hana fita. Unguwar da ta daɗe ba ta ji suyar nama mai yawa ba, hayaƙi ya tashi ya tsallake katanga ya bi lungu yana sallama gida-gida. Da na fita sallar azahar na ga ana dubana da wani irin girmamawa da na daɗe ban gani ba.

Muna idar da sallah, ana neman takalma, maƙwabcin nan nawa ya tare ni. Shi ne mijin mai ƙanƙara, dillalin kifi ne a Baga Road, Babarbare mai tsage har kunne, abokin wasana tun muna samari. Ko gaisuwa muka yi sai wani ya ji ciwo. Ya ɗaga murya yadda na sahun baya za su ji.

"Fulata, hayaƙin gidanka ya hana mu natsuwa a sallah. Haihuwa aka yi maka da wannan furfurar, ko shanun kakanka ne suka dawo daga daji?"

Aka yi dariya, aka tsaya ana jiran amsa. Gaskiyar magana gajeriya ce, da na faɗe ta da tuni an wuce wurin. Amma na dubi fuskokin mutanen nan da na sha yi wa lacca a kan yadda ake riƙon gida, na ji a raina yadda za ta fito: matata ce ke fita aiki, ni nake tsaron kaji, kuma daga yau har Juma'a abin da zan ci an riga an dafa. Sai na gyara wuyan rigata na yi ƙasa da murya, irin ta mutumin da ba ya son a san alherinsa.

Na ce, "Wata 'yar sadaka ce. Allah Ya zaunar mana da garinmu lafiya."

Ban san liman yana bayana ba. Ya dafa kafaɗata ya ce masha Allah, ya juya ga jama'a ya ce irin wannan ne ya yi ƙaranci a zamanin nan, mutum sana'arsa ta tsaya amma hannunsa bai tsaya ba. Ya ce tunda hanya za ta rufe da wuri, kada a jira la'asar, a tafi yanzu a yi wa bawan Allah addu'a. Na so in riga su isa gida ko da da taku kaɗan ne, amma liman ya riƙe hannuna muna tafe yana ba ni labarin falalar ciyarwa. Ban taɓa jin hanyar masallaci zuwa gidana ta yi gajarta irin ta ranar ba.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na ce a ba ni izini in leƙa ciki. Na samu mai ɗakina ta sauke tukunyar jar miya ke nan, ta buɗe roba ta farko, gumi har a gira. Na yi mata bayani a taƙaice, na fi ba da ƙarfi a kan laifin Babarbare. Ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona, har na fara auna nisan da ke tsakanin ludayin da goshina. Abu ɗaya ta tambaya, ko liman yana cikinsu. Na ce shi ne ma a gaba. Ta dubi tukwanen, ta dubi robobin, ta mayar wa robar murfinta ba komai a ciki.

Ta ce, "Ɗauko farantan, Malam. Ba za a ce mijina ya yi ƙarya a bakin masallaci ba. Amma ni da kai da sauran magana."

Ba don abincina ba ne, da sai in ce ban taɓa ganin sadaka mai kyau irin wannan ba. Biski ya fita faranti-faranti, yakuwa a gefe, jar miya a sama, nama kowa ya samu. Akwai mutanen ƙauyuka da suka yi hijira suke zaune a kangon bayan masallaci, su ma aka kira su. Wani dattijo daga cikinsu ya ɗauki gutsuren kifi ya daɗe yana dubawa kafin ya kai baki, ya ce rabonsa da wannan miya tun barinsa gida. Liman ya yi addu'a doguwa, ya ambaci waɗanda suka tafi da waɗanda ba a san inda suke ba, amin ɗin da aka yi a ƙofar gidana ranar ya fito daga ciki ne. Ni ma na shafa, idona ya ɗan kawo ruwa, rabi don garinmu, rabi don na hango an fito da tukunyar wake.

Kuma sadaka ba ta tsayawa a kan maza. Sai an aika wa matan gidaje nasu, in ba haka ba an yi abin kunya. Kwanuka suka yi ta shiga suna fita. Maƙwabcina dillalin kifi shi ya fi kowa zama daram. Ya ci, ya nemi ƙari, ya yaba kifin ya ce wanda ya sayar da shi mutumin kirki ne, ya ce ashe Bafillace ma yana iya kyauta in ya tsufa. Kafin la'asar an kankare tukwane har ƙanzo. Robobi suna nan a jikin bango yadda aka kife su, tsaf da su.

Sauran maganar da aka yi mini alkawari ba ta zo da faɗa ba, da ma faɗan aka yi da ya fi mini sauƙi. Ranar Lahadi da hantsi mai ɗakina ta kira ni ɗakin girki ta nuna mini abin da ya rage a gidan: garin masara, kuka, daddawa, kanwa, barkono, da kawunan kifin da ta cire jiya. Itacen da ya saura ɗan kaɗan ne. Ta ce cefanen da ya tafi ba mai maimaituwa ba ne sai an yi albashi a ƙarshen mako. Ta ce gobe motar Wulari ba za ta tafi ta bar ta ba, jibi ma haka, har Juma'a. Ga tsohuwa, ga yara, ga murhu, ga muciya. Ta miƙo mini muciyar ta wajen mariƙi, cikin ladabi.

Na ce ai ba wani abu ba ne. Mutumin da ya shekara arba'in yana dama sitacin hula, talge ba zai gagare shi ba, duk ruwa ne da gari.

Ranar Litinin mai ɗakina ta fita tun da duhu-duhu bai gama washewa ba, ko ashana ba ta taɓa ba. Ni kuma na sa sakata a ƙofar zaure, don kada baƙon ido ya ga mai sadaka a durƙushe yana hura wuta. Nan na gano itace yana da ra'ayin kansa. Na hura, na fifita, na yi masa magana mai daɗi, ya ba ni hayaƙi kawai. Da wutar ta kama, na zuba gari a ruwan da bai tafasa ba, na samu wani abu mai gudaji wanda ko hula aka shafa wa sai mai ita ya kai ƙara.

Surukata tana zaune tana jin komai. Tsakanina da ita akwai kunya irin ta da, tun da na auri 'yarta ba ta taɓa kallon idona ta yi mini magana ba, ni ma haka. To ga abincinta a hannuna, ga kunya. Sai ta samo hanya. Akwai wata akuya da muke ɗaure da ita a gindin darbejiya, ita ta zama manzo.

Sai in ji ta ce, "Akuya, ki gaya wa mai gidan nan ruwa bai tafasa ba." An jima kuma, "Akuya, kanwar nan ta mutum goma ce." Ni ma in na rasa yadda zan yi sai in tambayi akuyar ko yanzu ake zuba kuka, tsohuwa ta amsa wa akuyar cewa a sauke tukunya tukuna, a riƙa barbaɗawa ana kaɗawa. Akuyar tana tuƙa tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya kamar alƙalin da ya gaji da shari'a. Da aka zo ci, jikokin suka dubi tuwon suka dubi kakarsu, ta ce musu su yi bisimilla da ƙarfi.

A waje kuwa darajata sai hauhawa take. In na shiga masallaci ana matsa mini in wuce sahun gaba. Yara suna gaishe ni da Baba mai sadaka. Wani ya kawo mini huluna biyu wanki, ya ce hannu mai albarka yake so ya taɓa su. In na fito idanuna jajawur saboda hayaƙi, sai a ce dattijon nan yana yawan kuka saboda halin da ake ciki. Maƙwabcina ya dube ni ran nan ya ce akwai gari a gemuna. Na ce sitaci ne. Ya ce sitacin bana har da warin daddawa, lallai zamani ya canja.

Zuwa Laraba tuwona ya fara tsayuwa da ƙafarsa. Zuwa Alhamis akuya ta samu hutu sosai, sau ɗaya kawai aka aike ta a kan gishiri. Amma bayana ya riƙe, gwiwoyina suka yi tsami, hannun da ke tuƙi ya ƙi ɗaguwa. Na riƙa tuna cewa wannan aikin da ke cinye mini wuni, ita tana gama shi ne kafin gari ya waye, sannan ta tafi ta karɓi haihuwa. Kullum takan dawo gab da rufe hanya, ta zauna a bakin tabarma ta ci abin da na dafa, ta ba tsohuwa labarin wadda ta haifi tagwaye a cikin tanti, wani lokaci barci ya ɗauke ta da lomar a hannu. Motar dai ba ta sake tafiya ta bar ta ba. Ranar Juma'a ta dawo da cefane niƙi-niƙi, ta ce shugabarsu ta ce in ta ɗore a haka an bar maganar.

Asabar ta zagayo, aka sake aro tukwane, hayaƙi ya sake tsallake katanga. Ni a zatona an gama. Sadaka ai ba albashi ba ce da za a riƙa jiranta.

Da aka idar da azahar na lura ba wanda ya yi saurin neman takalmi. Na fito, aka fito. Na tsaya daura da mai goro kamar ina ciniki, aka tsaya. Na kama hanya, na ji takun jama'a a bayana, har da wasu fuskoki na unguwar gaba da ban sani ba, wani ma ya riƙo tabarmarsa a hammata. Maƙwabcina yana gaba yana gaya musu wai Fulata ya yi alwashin duk Asabar ne har sai gari ya zauna lafiya. Liman shi ma ya biyo.

Na shige zaure da sauri, sai na samu mai ɗakina tsaye a bayan labule. Ta riga ta jiyo hayaniyar. Ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Malam, in ludayi ɗaya ya fita daga gidan nan yau, ranar Litinin kai za ka hau motar ka je ka karɓi haihuwa."

Na koma ƙofar gida. An fara shimfiɗa tabarmi. Na yi gyaran murya, na yi salati, na fara daga nesa kamar yadda manya suke yi. Na yi magana a kan tsadar itace. Na yi magana a kan yadda Turawa da Larabawa suka ci gaba saboda tsara lokaci. Na ce bincike ya nuna, ban faɗi binciken wa ba, cewa miya tana ƙara lafiya in ta huta. Da na ga an fara kallon ƙofar zaure maimakon bakina, sai na runtse ido na faɗi sauran. Na ce abin da ke kan wuta abincin gidana ne na mako, uwar gidan tana fita aiki da asuba, in an cinye shi aikinta ne zai tafi. Na ce na wancan makon ma haka ne, bakina ne ya yi sadaka da abin da ba shi ya dafa ba, kuma garin da aka gani a gemuna na tuwo ne.

Sai liman ya sa hannun riga ya rufe bakinsa, kafaɗunsa suna rawa, daga nan kowa ya saki. Mai tabarma ya nannaɗe abarsa. Wani malamin makaranta ya matso ya ce mini a gidansa an fi shekara ana haka, bai dai taɓa samun wanda zai fara faɗa ba. Dattijon nan na kangon bayan masallaci ya kama hannuna ya ce ko da kuskure aka yi, shi dai ya ci kuma ya yi addu'a, ba zai janye ba.

Maƙwabcina kuwa dariya har da zama a ƙasa. Da ya samu numfashi ya ce shi tun ranar Alhamis ta wancan makon ya san komai, da hannunsa ya taya matarsa kwashe ƙanƙara don a samar wa robobinmu wuri, kuma a wurinsa aka sayi kifin. Na ce to don me ya tambaye ni a gaban jama'a, don me kuma ya ci har da ƙari. Ya ce tambaya dai ya yi, amsa tawa ce, kuma shi ba zai ƙaryata dattijo a bakin masallaci ba, balle ya hana bawansa samun lada. Na ce Allah Ya isa tsakanina da Barebari, na ciki da na waje. Aka watse ana dariya, ba ludayin da ya fita.

Na shiga gida ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Robobi sun cika sun jeru, an rufe su, mai ɗakina tana goge bakin ta ƙarshe. Biski na tururi, yakuwa tana ƙamshi, ga soyayyen nama a kwano an ware na kowace rana. Na zauna a kan turmi na ba ta labarin jawabina, na ɗan gyara wasu wurare. Na ce yau na tsaya gaban jama'a na sayar da girmana don in tsare mata tukwanenta da aikinta. Na ce ga wahalar murhu ta mako guda, ga ciyar da unguwa da aka yi da sunana, liman da kansa ya shaida. Saboda haka, a matsayin tukuici, ina ganin ya dace a buɗe roba ɗaya a zuba mini da zafinsa, a ɗora tsoka biyu ko uku, kafin a kai sanyi.

Ta danna murfin robar har ya yi ƙara, ta ɗora ta a kan 'yan uwanta, ko kallona ba ta yi ba.

Ta ce, "Mai sadaka a lahira ake biyansa, Malam, ba a tukunyata ba."